Ƙaramar Makarantar Koyon Tuƙin Jirgi da Bayar da Haya: Abin da Doka ta Tanada, da Yadda Lissafin Zai Kasance a Katsina

A shekarar 2024 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu jiragen sama na ƙashin kansu bayan an same su suna ɗaukar fasinja ana biyansu, alhali takardar da ke hannunsu ba ta ba su wannan dama ba, kuma ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamiti domin bin diddigin masu irin wannan shata ta bayan fage. Matakin ya fi shafar jiragen attajirai da ke Abuja da Legas, amma ya rikitar da masu tunanin shiga harkar da ƙaramin jari. A Katsina, inda ake da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, kuma jihar da ta fitar da mai kamfanin Max Air, Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, da tsohon ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika, tambayar ba baƙuwa ba ce: idan mutum ya sayi ƙananan jirage biyu ko uku ya buɗe makarantar koyon tuƙi, yana kuma bayar da su haya a lokutan da babu darasi, shin doka ta yarda, kuma shin kuɗin zai fita?

Abin da makarantar ke sayarwa

Hajar makarantar tuƙin jirgi ita ce awa, wato lokacin da ɗalibi ya yi a sama aka rubuta masa a littafinsa, malami ya sa hannu. Ƙa'idojin Najeriya sun samo tushe ne daga na Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar, kuma kowane matakin lasisi yana da adadin awoyin da ba a sauka ƙasa da shi.

Matakin farko shi ne lasisin tuƙi na ƙashin kai, wanda aka fi sani da PPL. Ana ba wanda ya kai shekara 17 kuma ya yi aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai ba malami a gefensa, har da tafiya guda mai nisan kilomita 270 wadda zai sauka a filaye biyu dabam da wanda ya tashi. Mai wannan lasisi yana iya ɗaukar iyalinsa ko abokansa, amma ba a biyansa ladan tuƙi. Wanda ke son tuƙi ya zama sana'arsa sai ya kai ga lasisin kasuwanci, CPL, mai buƙatar shekara 18 da awa 200, ko 150 ga wanda ya bi tsararren kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. Lasisin da ake zama kyaftin ɗin babban jirgin fasinja da shi kuwa sai an tara awa 1,500. Ban da wannan akwai darussan aji a kan dokokin sama, yanayi, sanin hanya, injin jirgi da maganar rediyo, da gwajin Turanci, da gwajin lafiya a wurin likitan da NCAA ta naɗa.

Waɗannan alƙaluma mafi ƙaranci ne kawai. A Amurka, inda ƙananan makarantu suka fi yawa a duniya, akasarin ɗalibai sukan kai awa 60 zuwa 75 kafin su ci jarrabawar matakin farko. Duk wanda ya yi kasafi a kan awa 40 cif, mai makaranta ne ko uba mai biya, ya shirya cika gibi.

Digirin jami'a, ko da na sufuri ne, ba lasisin tuƙi ba ne. Awoyin da NCAA ke karɓa daga makaranta su ne waɗanda aka yi a cibiyar horaswa mai takardar amincewarta.

Haya da shata

A nan ne ruɗanin 2024 yake. Abubuwa biyu ne mabambanta ake haɗawa a suna ɗaya. Na farko shi ne matuƙi mai lasisi ya karɓi jirgi ya tuƙa da kansa, ya biya gwargwadon awoyin da ya yi, galibi domin ya tara awoyin da zai hau mataki na gaba da su. Na biyu shi ne wanda ba matuƙi ba ya biya a ɗauke shi daga Katsina zuwa Abuja, jirgi da matuƙi duka na mai jirgin. Wannan na biyun shata ce, kuma a Najeriya sai mai takardar shaidar gudanar da sufurin jiragen sama, AOC, tare da izinin kasuwanci da ke tafiya da ita. Takardar da ake ba mai jirgin kansa, wadda ake kira PNCF, ta hana ɗaukar fasinja ko kaya ko wasiƙu domin kuɗi, kuma takardar makaranta izinin horaswa ce, ba ta sufuri ba.

Saboda haka idan wani ɗan kasuwa ya roƙi mai makaranta ya sa malami ya kai shi Kano da jirgin horaswa, a rubuta tafiyar a matsayin darasi, an faɗa cikin laifin da aka dakatar da wasu a kansa. Illar ba ta tsaya ga tara ko janye takarda ba. Kamfanin inshora yana biyan diyya ne a kan amfanin da aka bayyana masa tun farko, don haka jirgin da aka yi wa inshorar horaswa, idan ya yi haɗari ɗauke da fasinjan da ya biya, mai shi na iya tashi babu jirgi babu diyya, ga kuma ƙarar iyalan fasinja.

Haya ta farko ita ce ginshiƙin ƙananan makarantu a Amurka da Afirka ta Kudu. Mai makaranta a Najeriya da ke son yin ta yana buƙatar ya bayyana ta a rubuce cikin kundin ayyukan da ya miƙa wa NCAA da kuma takardar inshorarsa. A al'adar harkar ba a miƙa wa baƙon matuƙi makulli don kawai ya nuna lasisi. Sai malamin makarantar ya tashi da shi ya ga hannunsa, an duba takardar lafiyarsa da ranar da ya yi tuƙi na ƙarshe. Kuɗin hayar iri biyu ne, akwai wanda ya haɗa da mai, akwai wanda matuƙi ke sayen mansa. Ana kuma rubuta lambar da ke kan mitar awoyi kafin a tayar da inji da bayan an kashe shi, kuma ya kamata yarjejeniya ta faɗi wace mita za a bi, domin akwai mai ƙirga lokaci daidai da agogo tun daga tayar da inji, akwai mai bin gudun inji wadda ke tafiya a hankali lokacin da jirgi ke tsaye yana jiran izinin hasumiya. Bambancin mintuna ne a tashi guda, amma a awa 100 kuɗi ne mai kauri.

Sai dai kasuwar wannan haya a Arewa siririya ce. Masu lasisin ƙashin kai da ke tashi don nishaɗi ba su da yawa, saboda haka masu hayar za su kasance ɗaliban makarantar ne da suka gama matakin farko.

Izinin buɗewa

Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 da ƙa'idojin NCAA na 2023 su ne madogara, kuma kashi na 3 na ƙa'idojin shi ya keɓanta da cibiyoyin horaswa. Neman amincewa yana bin matakai 5, daga tattaunawar share fage da miƙa takardar nema, zuwa tantance kundaye, da gwaji a aikace gaban sufetoci, sannan bayar da takarda. Dole a nuna manajan da alhakin kuɗi da aminci ke wuyansa, da shugaban horaswa, da babban malamin tuƙi, da mai kula da ingancin aiki, da azuzuwa, da jirage masu takardar cancantar tashi, da tsarin gyara a hannun injiniyoyi masu lasisi. Abin lura shi ne ana ɗaukar waɗannan mutane kafin a samu takardar, wato albashi na tafiya wata da watanni babu ɗalibi ko ɗaya. Akwai kuma sauran hukumomi da za a yi hulɗa da su kullum: FAAN, hukumar filayen jiragen sama ta tarayya, a filayen da take gudanarwa, NAMA mai kula da sararin sama, da NiMet mai bayar da rahoton yanayi.

Lissafin awa

Kuɗin da makaranta ke kashewa kashi biyu ne. Akwai wanda ke tafiya ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, kamar inshora, albashi, hayar rumfar ajiye jirgi, sabunta takardu da biyan bashin sayen jirgin. Akwai kuma wanda ke bin awa, wato mai, man inji, tayoyi, birki, da dubawar da ake yi wa jirgin horaswa duk bayan awa 100, wadda ke cire shi daga aiki har injiniya ya sa hannu.

A ɗauka, don misali kawai, cewa kashi na farko ya kama naira miliyan 60 a shekara a kan jirgi guda. Idan jirgin ya yi awa 300 a shekarar, kowace awa ta ɗauki nauyin naira 200,000 tun kafin a zuba mai. Idan ya yi awa 800, nauyin ya sauko zuwa naira 75,000. Jirgi ɗaya ne, malamai ɗaya, amma makaranta ta biyu tana iya rage wa ɗalibi kuɗi ta ci riba, ta farko kuwa tana tsawwalawa tana faɗuwa. Wannan ne ya sa masu makarantu ke neman haya ruwa a jallo: ba don ribar hayar ta fi ta darasi ba, sai don kowace ƙarin awa tana rage nauyin sauran. Kamar motar haya ce da aka ɗauko bashi, ranar da ta wuni a gareji ma akwai balas a kanta.

Akwai wani kuɗi da ba ya bayyana sai ya zo gaba ɗaya. Jirgin da aka fi koyon tuƙi da shi a duniya, Cessna 172 mai kujera 4, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000, yana amfani da injin Lycoming da kamfanin ya ƙayyade a yi wa garambawul bayan kimanin awa 2,000. Aikin na cin dubban daloli masu yawa, kuma kayansa daga waje suke zuwa. Idan aka ƙaddara dala 30,000, to dole a ware dala 15 daga kowace awa. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan naira 6,900 ne. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai ajiyar ta koma naira 22,500. Makarantar da ta yi ajiyarta da naira ta wayi gari abin da ta tara bai kai sulusin aikin ba. Haka lamarin yake ga farfela, da na'urorin gaban matuƙi, da kaso mai yawa na inshora: ana kashewa da dala, ana karɓa daga iyaye da naira, kuma an yanka kuɗin kwas tun shekara guda ko biyu da suka wuce.

Makaranta mai jirgi ɗaya tana da rauni na musamman, domin ƙaramin ƙarfe guda da ake jira daga Amurka yana iya tsayar da dukan ɗalibai makonni. Jirage biyu ko uku iri ɗaya sun fi jirage mabambanta sauƙin riƙewa, tunda kayan gyaransu da horon injiniyansu ɗaya ne.

Batun mai

Ƙananan jirage masu injin fistin ba sa shan kananzir ɗin Jet A1 da manyan jirage ke sha. Nasu wani fetur ne na musamman, abgas, mai ɗauke da dalma, wanda aka rina shuɗi domin a bambanta shi. Cessna 172 tana shan lita 30 zuwa 38 a awa. Shigo da shi ake yi, sau da yawa a cikin duro, kuma ba kowane filin jirgi ake samunsa ba, don haka makaranta a Katsina za ta yi dakonsa ta mota daga nesa, ta kuma tanadi wurin ajiya da hukuma ta yarda da shi. Man da ya daɗe a duro yana tara ruwa. Shi ya sa kafin kowane tashi ɗalibi ke tsugunawa ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi mai haske, ya tsiyayo mai daga ƙasan tanki ya ɗaga shi sama: idan shuɗi ne garau an wuce, idan ya ga ɗigon ruwa ya kwanta a gindin kofin sai ya ci gaba da tsiyaya har ya ƙare.

Wahalar wannan mai na cikin dalilan da suka sa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma sayen jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin da ke shan Jet A1, a madadin tsofaffin Tampico da ta daɗe tana horaswa da su. Ga ƙaramin mai jari zaɓin ba mai sauƙi ba ne. Tsohuwar Cessna ta fi arha wajen saye kuma masu iya gyaranta sun fi yawa, amma man da take sha tsada da wuya. Diamond kuwa man da take sha na nan a manyan filaye kuma tana shan kaɗan, amma kuɗin sayenta da na kayan injinta sun fi nauyi.

Sararin Katsina

Katsina tana da abubuwan da makaranta ke so. Titin jirginta ya isa ɗaukar manyan jiragen alhazai, balle ƙaramin jirgi. Zirga-zirga ba ta kai ta Kano ko Abuja ba, don haka ɗalibi ba zai ƙone mai yana jiran layi ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu manyan duwatsu. Tafiyar Katsina zuwa Kano zuwa Zariya a dawo Katsina ta haura kilomita 450 a sama, ta cika sharaɗin doguwar tafiyar matakin farko har da rara.

Amma ɗalibi na farko yana tuƙi ne da ido, kuma ƙa'idar irin wannan tashi tana buƙatar ganin nisan kilomita 5 aƙalla, makarantu ma sukan ɗora fiye da haka ga wanda zai tashi shi kaɗai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, hazon hunturu yakan rufe gari har manyan jirage su kasa sauka, kuma a irin waɗannan ranaku makaranta a rufe take ko da jirage lafiya lau suke. Ƙurar tana toshe matatar iskar inji, ta sa a riƙa canza ta da man inji kafin lokacinsu. A bazara matsalar zafi ce. Katsina tana kan tudun da ya ɗan haura mita 500, amma idan zafi ya kai digiri 40 iska takan yi sirara har jirgi ya ji kamar yana tashi daga tudun mita 1,500, inji ya rage ƙarfi, gudun kan titi ya ƙaru, ga iskar tsakar rana mai jijjiga da ba ta barin sabon ɗalibi ya koyi komai. Wannan na mayar da darasi zuwa sassafe da yamma. Damina kuwa tana zuwa da hadari mai tasowa farat ɗaya, ko da yake safiyarta na cikin mafi kyawun lokutan tashi. Duk wannan ragi ne daga awoyin shekara da aka yi lissafinsu a sama, kuma na'urar kwaikwayon tuƙi da darussan aji ne kawai ke cike wani ɓangare na ranakun da aka rasa.

Sai batun iyaka da tsaro. Jibiya da Kongolam ba su da nisa ga jirgin da ke gudun kusan kilomita 200 a awa, kuma ɗalibin da ya ɓata hanya na 'yan mintuna yana iya samun kansa a sararin Jamhuriyar Nijar, wadda ta taɓa rufe sararinta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sojojin sama suna amfani da filin Katsina wajen yaƙi da 'yan bindiga, kuma a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara mai maƙwabtaka. Wurin atisaye sai an tsara shi da NAMA da sojoji, kuma dole a yi la'akari da inda jirgi zai sauka idan inji ya mutu a yammacin jihar. Lokacin jigilar alhazai ma filin ba na ɗalibai ba ne.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu ganin gwamnatin jiha ce ya kamata ta kafa irin wannan makaranta suna kafa hujja da kwalejin jiragen sama ta Ilori, wadda gwamnatin Kwara ta kafa, da cewa jarin ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya kuma ribarsa ba ta kusa ba ce. Masu suka suna cewa makarantar da ta dogara da kasafin gwamnati tana tsayawa duk lokacin da aka yi jinkirin sakin kuɗi, kuma jirgi ba ya jiran a sa hannu a fayil kafin lokacin dubawarsa ya cika.

Wasu na ganin tura ɗalibai waje ya fi sauƙi, kamar yadda gwamnatin Kano ta tura matasa 100 Jodan a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, ko yadda iyalai ke tura 'ya'yansu Afirka ta Kudu da Amurka inda ake gamawa da wuri. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce kuɗin gaba ɗaya dala ne, kuma wanda ya dawo sai ya mayar da lasisinsa na Najeriya a NCAA. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ɓangarorin duka ita ce matsalar ba ta ƙarancin masu sabon lasisi ba ce. Kamfanoni suna neman wanda ya ƙware a takamaiman jirgi irin Boeing 737 kuma ya tara awoyi, wannan horo kuwa ƙaramar makaranta ba ta bayar da shi, kuma kuɗinsa dabam ne. Inda ƙaramar makaranta ke da amfani a nan shi ne tana ɗaukar ɗalibanta da suka gama su zama malamai, su tara awoyi ana biyansu. Sai dai da zarar malami ya tara abin da kamfani ke so sai ya tafi, makaranta ta koma neman wani.

A kan tsaurin ƙa'ida ma an rabu. Masu ƙananan jirage suna ƙorafin cewa ana auna su da ma'aunin manyan kamfanoni, abin da ya hana harkar yaɗuwa kamar a Amurka, inda malami mai zaman kansa ke iya koyarwa ba tare da makaranta ba. Masu goyon bayan hukuma suna cewa a ƙasar da kayan gyara ke da tsada kuma jarabar ɗage gyara take da ƙarfi, sassauci rayuka zai ci.

Abin da ya shafi jama'a

Makaranta mai jirage uku ba za ta sauko da kuɗin tikitin Katsina zuwa Abuja ba, kuma ba za ta zama hanyar tafiya ga kowa ba. Ayyukan da za ta samar kaɗan ne amma masu daraja, musamman ga matasan da za su koyi gyaran jirgi, sai masu gidajen haya da abinci da sufuri a kewayen filin. Unguwannin da ke kusa za su riƙa jin ƙarar ƙaramin jirgi yana kewaye tun da sassafe, domin koyon sauka maimaici ne, a taɓa titi a sake tashi sau da yawa a darasi guda.

Ga iyaye, gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wato wanda ake buƙata ga lasisin kasuwanci, shi ne ya kamata ya riga biyan ko sisi, domin matsalar zuciya, ko farfaɗiya, ko rashin bambance launuka tana iya rufe ƙofar lasisin kasuwanci bayan an kashe miliyoyi. Suna da damar ganin takardar amincewar NCAA da kwasa-kwasan da aka rubuta a cikinta, su tambayi jirage nawa ne ke tashi a makon, ba nawa ne ke cikin rumfa ba, da ɗalibai nawa ke kan kowane malami. Ɗalibin da ke tashi sau ɗaya a mako biyu yana ɓata rabin darasi wajen tuna na baya, awoyinsa su ƙaru, kuɗinsa ya ƙaru.

Tsarin biya shi ne inda buƙatun ɓangarorin biyu suka fi cin karo. Mai makaranta yana son a biya kuɗin kwas gaba ɗaya domin ya sayi mai da kayan gyara kafin dala ta motsa, kuma yakan yi ragi a kan haka. Uba kuwa ya fi samun kariya idan yana biya mataki mataki, ko awa 10 bayan awa 10, domin idan makaranta ta tsaya, awoyin da aka riga aka rubuta a littafin ɗalibi aka sa hannu suna nan, wata makarantar na iya duba su ta ɗora a kai, amma kuɗin awoyin da ba a yi ba sai dai ya shiga layin masu bin bashi.